Ungulu da Amanar Hurumi

A ƙasar Dambatta da Bichi, inda gona ta haɗe da gona har burtali ya tsuke, duk wanda ya manyanta ya riski zamanin da ungulaye ke cika mahauta tun da hantsi, suna cinye mushe kafin ya zama annoba ga dabba da ɗan Adam. Yau kuwa sai a ci kasuwa a watse ba a ga ko ɗaya ba, domin an sare rimi da kukar da suke sheƙa, masu tsibbu kuma na sayen kawunansu. Tun 2015 masana suka lissafa ungulu cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Gandun dajin Falgore yana can kudu, ba zai fisshe mu ba. Don haka itatuwan hurumi amana ce a wuyan hakimai da dagatai, wajibi ne su hana sara.