Waswasi a Tsarki da Salla: Hukuncin Mustankahi a Fiƙihun Malikiyya da Hanyar Jinyarsa a Likitancin Zamani

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin waswasin da ke kama mai ibada a alwala da wanka da salla, wanda wani lokaci yakan tsallaka zuwa aƙida da igiyar aure. Ta bayyana hukuncin da malaman Malikiyya suka yanke wa mustankahi, da abin da Abu Zaid Albalkhi ya rubuta a kan wannan lalura, sannan ta kwatanta su da hanyar da masana lafiyar ƙwaƙwalwa ke bi a yau. An gano cewa umarnin fuƙaha'u na yin watsi da shakka shi ne ginshiƙin jinyar zamani, kuma malami da iyali suna iya zama sanadin waraka ko sanadin tsanantar cutar.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami masallacin da limaminsa bai taɓa haɗuwa da irin wannan mutum ba: matashi mai kishin addini ya tsuguna da buta tun kiran salla, ya wanke hannu ya sake wankewa, har a tayar da iƙama bai kai ga ƙafa ba. Idan ya shiga sahu sai ya yi ta maimaita kabbarar harama, liman ya yi ruku'u shi yana nan yana kokawa da niyya. Wasu kan ɗauki wannan tsantseni ne, wasu su ce aljanu ne, wasu kuma su yi masa dariya. Shi kuwa yana cikin azabar da bai iya faɗa. Salla takan koma masa abin fargaba, kuma akwai waɗanda wahalar ta kai su ga barinta ɗungurungum. Saboda haka mas'alar ta shafi tsare addini da tsare hankali, biyu daga cikin manyan manufofin shari'a.

2.0 Rabe-raben abin da ke ɗarsuwa a zuciya

Ya kamata a bambance abubuwa uku da mutane ke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Na farko shi ne tunanin da ke giftawa a zuciyar kowane mai rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa an yafe wa wannan al'umma zancen zuci matuƙar ba a furta shi ko an aikata ba. Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kukan munanan tunane-tunanen da suke jin nauyin faɗarsu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da su cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani.

Na biyu shi ne shakkar da kan faɗo wa mai salla jefi-jefi, wadda babin ƙabli da ba'adi ya wadatar a kanta. Na uku shi ne shakka mai naci, wadda ke zuwa kullum, tana tilasta wa mai ita maimaita aiki. Wannan na uku shi ne abin da Larabawa a yau ke kira alwaswasul ƙahri, likitoci kuma suke taƙaita sunansa da OCD. Kiyasin masana ya nuna cewa kimanin mutum 2 cikin 100 kan gamu da shi a tsawon rayuwa, kuma yawanci yakan fara ne tsakanin shekarun balaga da farkon ƙuruciyar manyanta. Daga cikin alamun da likitoci ke dubawa akwai cin lokacin da ya haura awa 1 a rana, ko kawo cikas ga karatu da sana'a da zaman iyali.

3.0 Hukuncin mustankahi

Ƙa'idar da fuƙaha'u suka haɗu a kanta ita ce shakka ba ta gusar da yaƙini. Daga cikin hujjojinta akwai hadisin Abdullahi ɗan Zaidu a Bukhari da Muslim, game da mutumin da ake raya masa cewa wani abu ya fita daga gare shi yana cikin salla, aka hana shi yanke salla sai ya ji ƙara ko wari. Sai dai mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne, wanda ya tabbata ya yi alwala sannan ya yi kokwanton ko ta karye, zai sake ta, domin salla tana kan wuyansa da yaƙini, ba za ta sauka ba sai da yaƙini. A nan ne ɗalibai da yawa a ƙasar Hausa ke tuntuɓe: sun haddace hukuncin, sun manta togaciyarsa.

Togaciyar ita ce mustankahi, wanda malaman zaure ke fassarawa da wanda shakka ta aure shi. Masu sharhi sun ƙayyade shi da wanda kokwanto ke zo masa kowace rana, ko da sau ɗaya ne. Irin wannan mutum shakkarsa ba ta warware masa alwala. A babin rafkannuwa kuma, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a Risala cewa zai kau da kai daga shakkar, babu gyara a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Littafin Ahalari, wanda yara ke fara fiƙihu da shi, ya zo da makamancin wannan: mai waswasi ba zai kawo abin da ya yi shakka a kansa ba, ko ragi yake zato ko ƙari. Ke nan, mai lafiya da ya yi kokwanto tsakanin raka'a uku da huɗu zai yi gini a kan uku, mustankahi kuwa zai yi gini a kan huɗu.

Abin lura shi ne malamai sun zo da wannan hukunci da siffar umarni. Mustankahin da ya sake alwala don bin shakkarsa ya saɓa wa abin da aka umarce shi da shi, ko da yana ganin ihtiyaɗi ya yi. A kan haka Ibnul Jauzi ya yi magana a Talbisu Iblis, Ibn Ƙudama ya keɓe risala sukutum a kan zargin masu biye wa waswasi, Ibnul Ƙayyim kuma ya faɗaɗa ta a Igasatul Lahfan. Ma'aunin da ake mayar da mutum gare shi shi ne sunna: Anas, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa mudu ɗaya na ruwa ya kasance yana isar Annabi alwala, sa'i ɗaya zuwa mudu biyar kuma wanka.

4.0 Albalkhi da jinyar rai

Abu Zaid Ahmad ɗan Sahlu Albalkhi, almajirin Alkindi, ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934 Miladiyya. Littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya kasu gida biyu, na farko a kan lafiyar jiki, na biyu a kan lafiyar rai. A kashi na biyu ya yi bayanin fushi, da tsoro, da baƙin ciki, ya rufe da babin waswasin ƙirji da zancen zuci. Ya ɗauki waswasi a matsayin cuta mai alaƙa da halittar jiki bisa likitancin zamaninsa, ya kuma ba da shawarar mai ita ya guji kaɗaici da zaman banza, ya nemi amintacce mai nasiha da zai riƙa gyara masa tunani. Ya kuma yi nuni da cewa ya kamata mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo.

Fuat Sezgin ya buga hoton rubutun hannun littafin a Jamus a shekarar 1984. Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Sudan, ya fassara kashin rai zuwa Ingilishi a 2013. A 2015 Rania Awaad da Sara Ali suka wallafa nazarin da ya nuna kusancin siffantawar Albalkhi da ma'aunan da likitoci ke gane cutar da su a yau.

5.0 Yadda cutar ke ɗorewa da yadda ake jinyarta

A shekarar 1978 Rachman da de Silva sun nuna cewa mafi yawan masu lafiya suna samun tunane-tunane marasa daɗi irin na masu waswasi. Bambancin yana ga fassarar da mutum ke yi wa tunanin. Mai lafiya yakan bar shi ya wuce. Mai waswasi yakan ɗauke shi hujja a kan ɓacin sallarsa ko imaninsa, sai fargaba ta taso, sai ya sake alwala, sai ya sami sauƙi na ɗan lokaci. Wannan sauƙin shi ne tarkon, domin yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa maimaicin ne ya tserar da shi, gobe sai shakkar ta dawo da ƙarfin da ya fi na jiya. Ƙoƙarin danne tunanin da ƙarfin tsiya ma ƙara masa naci yake yi, kamar yadda gwajin Daniel Wegner na 1987 ya nuna.

Jinyar da ta fi samun goyon bayan bincike ta samo asali ne daga aikin Victor Meyer a Landan a 1966. Ta ƙunshi fuskantar abin da ke tayar da shakka daki-daki, tare da kame kai daga maimaici. Mai jinya da majinyaci sukan jera yanaye-yanayen daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Misali, a makon farko majinyaci zai yi alwala da ruwan da aka auna a kofi, ya wanke kowace gaɓa sau uku ya tashi, ko da zuciyarsa na ce masa akwai lam'a. Daga baya zai yi kabbarar harama sau ɗaya tak a bayan liman. Fargabar za ta hau, ta tsaya, sannan ta sauka da kanta, kuma da maimaita wannan horo mutum ke koyon cewa yana iya zama da shakka ba tare da ya yi mata hidima ba. Yawanci akan yi zama 12 zuwa 20. Idan lalurar ta yi tsanani likita kan haɗa da magunguna irin su fluoxetine ko sertraline, waɗanda amfaninsu kan ɗauki makonni 8 zuwa 12 kafin ya bayyana sosai, kuma ba a fara su ko a daina sai da izininsa.

Duk wanda ya san Risala zai ga cewa wannan shi ne kau da kan da aka umarci mustankahi da shi. Abin da likitanci ya ƙara shi ne tsari da matakai da rakiya, domin gaya wa mai fama ya yi watsi da shakka abu ne mai sauƙi, aiwatarwar ce ke buƙatar horo. Akwai kuma iyakar da shari'a ta gindaya: ba za a nemi majinyaci ya furta kalmar kafirci ko ya yi salla da najasar da ya tabbatar ba da sunan jinya. Malami ne zai fayyace mafi ƙarancin abin da ke isarwa a ibada, mai jinya ya horar da majinyaci ya tsaya a kansa.

Imani da cewa Shaiɗan na sanya waswasi, kamar yadda Suratun Nasi ta tabbatar, bai ci karo da neman magani ba. Usmanu ɗan Abil Asi ya kai kukan shaiɗanin da ke rikita masa karatu a salla, aka koya masa neman tsari da tofi sau uku ta hagu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A hadisin tambayar wanda ya halicci Allah kuma an haɗa neman tsari da umarnin dainawa. Sai dai idan ta'awwuzi ko ruƙya suka zama abin da ake maimaitawa sau ɗari don kashe fargaba, to sun shiga cikin jerin maimaicin da ke ciyar da cutar.

6.0 Malami da iyali

Mai waswasi yakan yi ta yawo da tambaya ɗaya daga malami zuwa malami. Kowace amsa tana kwantar masa da hankali na awoyi kaɗan, aikinta ɗaya da na sake alwala. Abin da ya fi dacewa shi ne ya lazimci malami ɗaya, a ba shi hukuncin mustankahi sau ɗaya a bayyane, har a rubuta masa, idan ya dawo da tambayar a mayar da shi ga rubutun cikin tausasawa.

Haka lamarin yake a cikin gida. Uwar da ke tsayawa tana ƙirga wa ɗanta raka'o'i, da matar da ke sake wanke tufafin mijinta duk lokacin da ya yi zargin najasa, tausayi ne ya motsa su, amma bincike ya nuna irin wannan biyewar tana tafiya tare da tsanantar cutar. Tsawa da gori su ma suna sa yaro ya ɓoye halinsa. Iyaye da malaman Islamiyya su koyar da rangwamen shari'a tare da hukunce-hukuncenta, kada yaro ya tashi da jin cewa kowace tantama halaka ce.

Mafi haɗarin nau'i shi ne waswasin saki, inda miji ke zargin ko ya furta saki a zuci ko cikin wata magana, har ya ƙaurace wa iyalinsa. Asali shi ne wanzuwar aure. Saɓanin da ke cikin mazhaba game da saki da zancen zuci ya shafi wanda ya ƙulla shi da gangan a ransa, bai shafi tunanin da ke afko wa mutum yana ƙinsa ba. Ya wajaba mai fatawa ya binciki halin mai tambaya kafin ya raba gida.

7.0 Kammalawa

Fiƙihun Malikiyya ya ware wa mustankahi hukunci na musamman, kuma wannan hukunci ya dace da abin da likitanci ya tabbatar. Abin da ya rage shi ne limamai su san alamun da ke buƙatar turawa asibiti: cin lokaci mai yawa, barin salla ko karatu, baƙin ciki mai tsanani, da tunanin kashe kai, wanda shi ba ya jiran gobe. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ya kamata kuma sassan nazarin addinin Musulunci su riƙa karantar da babin mustankahi tare da wannan bayani na likitanci, domin ɗaliban da suke yayewa su ne waɗanda masu waswasi za su fara tunkara da tambaya. Allah ne Mafi sani.