Kalmomin Taba da Harshen Gargaɗi a Ƙasar Hausa: Misali Daga Gubi, Bauchi

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi giɓin da ke tsakanin yadda Hausa ke zancen taba da yadda hukuma ke gargaɗi a kanta. An ɗauki misali daga Gubi, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take da haraba a wajen birnin Bauchi.

2.0 Taba a Bakin Bahaushe

Asalin tsiron taba nahiyar Amurka ne, amma ya daɗe a ƙasar Hausa har ya tara kalmomi: lofe, da garin taba, da fure wanda mata kan rina haƙora da shi. Sigari ya zo da nasa, wato kara da kwali, musamman bayan buɗe masana'antar taba ta Zariya a 1959. Abin lura shi ne aikatau "sha". Da shi ake shan ruwa da magani, da shi kuma ake shan taba, don haka lafazin bai ɗauke da alamar haɗari.

3.0 Illa da Hasara

Hayaƙin taba na ƙunshe da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki masu haddasa ciwon daji. Nikotin ne ke kama mutum ya kasa bari, kwaltar hayaƙin kuma ta lalata huhu. Taba na jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe fiye da mutum miliyan 8 a shekara, miliyan 1.3 daga cikinsu shaƙar hayaƙin wasu kawai suka yi. Ta fuskar aljihu, mai shan kara 10 kullum yana ƙona kara 3,650 a shekara, wato kwali 182 da rabi, ban da kuɗin asibiti.

4.0 Harshen Gargaɗi

Dokar soja mai lamba 20 ta 1990 ta wajabta rubuta gargaɗi a kwali. Dokar 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Sai dai gargaɗin da Ingilishi yake. Ɗalibin Gubi zai karanta shi, amma manomi ko masuncin da ke maƙwabtaka da madatsar ruwan Gubi ba lalle ba ne. Wanda kuma ya sayi kara ɗaya wurin mai tebur, ko hoton da ke jikin kwalin ba zai riƙe ba.

5.0 Kammalawa

Aikin da ke gaban masana shi ne daidaita kalmomin cuta, domin har yanzu ana musaya tsakanin "ciwon daji" da "sankara" da "kansa", sannan a tsara gargaɗi gajere da Hausa wanda zai shiga rediyo da kasuwa. Gargaɗin da ba a fahimta ba bai isar da saƙonsa ba.