Yadda Direbobin Tanka Da Masu Motoci Ke Cinikin Albashi

Duk sa'ad da aka ce direbobin tanka sun shiga yajin aiki, kafin kwana biyu sai gidajen mai su cika da layi. Kuɗin mota ya hau. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗi. Manomin rani ya rasa man da zai zuba wa injin ban-ruwa. Mutane da yawa kan ɗauka rigima ce kawai ta 'yan birni. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ciniki ne ya kakare tsakanin direbobi da masu motoci. Ya kamata kowa ya san yadda ake wannan ciniki, tun da abin yana taɓa aljihun kowa.

Mene Ne Ciniki A Ƙungiyance?

Idan direba ɗaya ya je wurin maigidansa ya nemi ƙarin albashi, ana iya ce masa ya ajiye makulli. Ga wasu goma a tasha suna jiran motar. Amma idan direbobi duka suka haɗa kai, suka zaɓi wakilai, magana ta canza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan shi ne ciniki a ƙungiyance. Wakilan ma'aikata su zauna da wakilan masu ɗaukar aiki. Kowane ɓangare ya faɗi bukatarsa. A ja, a sassauta, har a daidaita. Abin da aka amince da shi sai a rubuta, a sa hannu, a yanke masa wa'adi. Idan wa'adin ya cika sai a sake zama.

Doka ta yarda da haka. Sashe na 40 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan irin wannan ciniki a 1949, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1960.

Su Wa Ke Zama A Teburin?

A harkar dakon man fetur, direbobin tanka suna da reshensu da ake kira PTD. Reshen yana ƙarƙashin NUPENG, wato ƙungiyar ma'aikatan man fetur da iskar gas, wadda aka kafa a 1977. Masu motoci su ma suna da tasu ƙungiya, ana kiranta NARTO. A cikinta akwai mai mota ɗaya ko biyu, akwai kamfani mai ɗaruruwa.

Abubuwan da akan yi ciniki a kansu sun haɗa da albashin wata, da kuɗin guzuri na kowace tafiya, da kuɗin magani, da hutu, da diyya idan an yi haɗari. Akwai kuma maganar yadda za a sallami direba idan ya yi laifi, da abin da zai samu idan ya tsufa ya bar tuƙi.

Yarjejeniya guda ga kowa tana da amfani har ga masu motoci. Idan babu ita, wani zai rage kuɗin dako don ya ƙwace ciniki, sa'an nan ya fanshe a albashin direbansa. Sauran ma dole su bi. Ƙarshenta direba ya yi ta tuƙi dare da rana babu barci, da tsofaffin tayoyi, don ya samu na abinci. Daga nan haɗari kan fito.

Daga Ina Albashin Ke Fitowa?

Nan ne gizo ke saƙa. Mai mota ba shi da wani kuɗi sai na dako. A cikinsa zai sayi man gas, da taya, da kayan gyara, ya biya bashin banki, sa'an nan ya biya direba. Tafiya daga Ikko zuwa Maiduguri ta haura kilomita 1,500. Idan kuɗin dako bai motsa ba, albashi ma da wuya ya motsa. Saboda haka a wannan ciniki akwai na uku, wato mai biyan kuɗin dakon.

Shekaru da yawa gwamnati ce ke yanke wannan kuɗi. A 1975 ta kafa asusun daidaita farashin mai. Akan ware wani abu a kan kowace lita a zuba a asusun, a biya dakon mai zuwa garuruwa masu nisa. Manufar ita ce mutumin Sakkwato ya sayi mai daidai da mutumin Ikko.

Abin da ya faru a 2017 ya nuna yadda igiyar ke ɗaure. A 2016 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran mota suka yi tsada. Direbobi suka nemi a sabunta yarjejeniyar albashinsu. Masu motoci suka ce ba za su iya ba sai an ƙara kuɗin dako. Ran 3 ga Afrilu, 2017, direbobi suka ajiye aiki. A ranar shugaban kamfanin mai na ƙasa, NNPC, marigayi Maikanti Baru, ya zauna da ɓangarorin biyu. Aka ƙara abin da ake warewa domin dako daga naira 6.20 zuwa naira 7.20 a kowace lita. Farashin fetur bai tashi daga naira 145 ba. Direbobi suka janye yajin aikin. Ƙarin naira ɗaya ne ya buɗe hanyar ci gaba da cinikin albashi.

Da Kiɗa Ya Canza

A 2021 dokar man fetur ta haɗe wancan asusu cikin wata sabuwar hukuma. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai. Daga nan maganar kuɗin dako ta koma tsakanin masu motoci da 'yan kasuwar mai.

A Fabrairun 2024 sai ga masu motoci da kansu sun ajiye motocinsu. Man gas ya haura naira 1,000 a lita, suka ce asara suke yi a kowace tafiya. Bayan kwana biyu, da gwamnati ta shiga tsakani, 'yan kasuwa suka yarda da yin ƙari, motoci suka koma hanya.

A Satumban 2025 wata takaddama ta tashi. Matatar Dangote ta shirya kawo manyan motoci 4,000 masu aiki da iskar gas domin ta riƙa rarraba mai da kanta. NUPENG ta yi zargin ana so a hana sababbin direbobin shiga ƙungiyarta. Kamfanin ya musanta. Aka shiga yajin aiki ran 8 ga watan, aka janye kashegari bayan an sa hannu cewa duk ma'aikacin da ke so yana iya shiga ƙungiya. Dalilin damuwar NUPENG a fili yake. Ƙarfin ƙungiya a teburin ciniki yawan mutanenta ne. Idan direbobi da yawa suna waje, yajin aikinta ba zai tsayar da komai ba.

Idan Ciniki Ya Ƙi Fa?

Yajin aiki shi ne makami na ƙarshe. Dokar sasanta rigingimun ƙwadago ta 1976 ta shimfiɗa matakai. Da farko ɓangarorin biyu su nemi wanda zai shiga tsakaninsu. In ta ƙi, a kai wa Ministan Ƙwadago, ya naɗa mai sasantawa. In ta ƙi, a miƙa wa kwamitin sulhu. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Wata doka ta 2005 ta ce sai an kaɗa ƙuri'a, mafi yawan 'yan ƙungiya sun yarda, kafin a tafi yajin aiki. Ita ce kuma ta ce ba a tilasta wa kowa shiga ƙungiya.

Abin Lura

Direbobi da yawa masu dakon hatsi, da tumatir, da shanu zuwa kudu, da baki kawai suke shiryawa da mai mota. Ranar da aka yi haɗari ko aka sami saɓani, babu takardar da za a duba. Yana da kyau irin waɗannan su nemi shugabannin tasharsu su zauna da masu motoci a rubuta sharuɗɗan aiki.

Wanda ke cikin ƙungiya kuma ya riƙa zuwa taro. Ya tambayi inda kuɗin da yake biya ke tafiya. Ya nemi kofen yarjejeniya ya karanta da kansa, ya san ranar da wa'adinta zai cika. Direban da bai iya karatu ba, abin da aka gaya masa kawai zai ɗauka. Ajin yaƙi da jahilci a buɗe yake ga direba da yaron mota, kamar yadda yake ga manomi. Allah ya kiyaye hanya, amin.