Farar Ledar Kujera: Abin da Rana da Wanki Suke Yi Mata

Duk wanda ya san kwalekwalen da masunta da masu fito suke turawa a ruwayen ƙasar Kazaure, tun daga tafkunan da damina take cikawa a wajajen Gwiwa da Roni har zuwa madatsar ruwan Kazaure, ya san cewa babu abin zama a cikinsa sai katako tsirara, wanda ruwa yake jiƙawa rana ta busar, ba ya neman sabulu balle tattali. Amma jirgin ruwa mai inji, irin wanda ake shiga domin shan iska a Legas, ko wanda ake aikin sufuri da shi a kan Neja da Binuwai, sau da yawa da kujerunsa yake zuwa, an cusa musu soso an lulluɓe su da farar leda. Wannan ledar kuwa, ita ce dai ko 'yar'uwarta muke zama a kai kullum ba tare da mun kula ba, a kujerar babur, da ta a-daidaita-sahu, da ta motar haya mai zuwa Kano ko Daura, da gadon awo na asibiti, da kujerar mai aski. Saboda haka ilimin da ma'abota jiragen ruwa suka tara game da ita, bayan rana da ruwa sun yi musu hasara mai yawa, yana da fa'ida ga mutumin da bai taɓa taka jirgi ba.

Dalilin da ya sa masu ƙera jirage suka zaɓi fara a bayyane yake: farin abu yana mayar da mafi yawan hasken rana, baƙi kuwa yana shanye shi, kuma wanda ya taɓa hawa babur ɗin da ya wuni a fili cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a inuwa, ba ya bukatar a kawo masa wata hujja. Sai dai fari ba ya rufa wa datti asiri, kuma daga nan ne illar take farawa, domin mai abin yakan ɗauki duk abin da ya samu a kusa ya dirje ledar da shi.

Asalin kuskuren, a ganina, shi ne mun gaji sanin fata, sai muka ɗauki hukuncinta muka ɗora wa abin da ba ita ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da shahara a wannan sana'a, tun zamanin da majema suke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da bagaruwa, ayari ya ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa jingina ta ga Maroko saboda ta can take isa gare su. Baduku ya san fata tana da ƙofofi, tana shan mai, kuma idan sirdi ko takalmi ya bushe, ɗan man shanu ko man kaɗanya yakan dawo masa da laushi. Leda ba haka take ba. Abin da ake kira PVC, wanda daga gare shi ake yin ta, haɗi ne na sinadarin kulorin da ake cirowa daga gishiri, da wani sinadari da ake samu daga man fetur ko iskar gas, kuma kulorin ɗin ya kai kashi 57 cikin 100 na nauyinsa. Wani masani Bajamushe, Eugen Baumann, ya gamu da shi a ɗakin gwaji a shekarar 1872, amma sai ya kasance abu mai tauri da saurin karyewa, wanda aka daɗe ba a san amfanin da za a yi da shi ba, har shekarar 1926, sa'ad da Waldo Semon na kamfanin B.F. Goodrich a Amurka ya gano cewa in aka cuɗanya shi da wani ruwa mai kama da mai, yakan yi laushi ya tanƙwaru. Bututun ruwan da ake binnewa a ƙasa da ledar da ake zama a kanta asalinsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wannan man tausasawa, wanda a leda mai laushi yakan kai sulusin nauyinta ko fiye.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi nazari, gama dukan mas'alar a kan wannan mai take. Ba a ɗaure yake da jikin ledar ba, zaune kawai yake a tsakanin zarurrukanta yana hana su manne wa juna, kamar yadda ruwa yake zama a cikin kabar da mai saƙar tabarma ya jiƙa, tana lanƙwasuwa muddin da danshi, tana karyewa in ya tafi. Bambancin shi ne ita kaba ana iya sake jiƙa ta, shi kuwa wannan mai a masana'anta aka shigar da shi da zafi, kuma in ya fita, babu man gyaɗa ko baƙin man inji da zai maye gurbinsa. Iyakacin abin da suke yi shi ne su kwanta a sama su kama ƙura, su kuma taimaka wajen janyo na cikin zuwa waje. Zafi yana gaggauta fitarsa. Shi kuma hasken rana, banda zafinsa, yana ɗauke da wani sashe da ido ba ya gani, wanda yake tsinka jikin ledar kansa ya saki kulorin ɗinta kaɗan-kaɗan, kuma wannan tsinkewar ce take juya fari ya koma ruwan ɗorawa. Rawayar da ta zo ta wannan hanya ba datti ba ce, canji ne a cikin zatin abin, don haka wanda ya dage sai ya wanke ta, ƙarshenta kankare fuskar ledar zai yi.

Kowane lokaci na shekararmu da irin jarrabawar da yake kawo mata. Ƙurar hunturu, wadda iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi da sauran sassan hamada, tana da kaifi duk da laushinta a hannu, kuma idan aka goge ta a bushe da tsumma, sai ta yi ta zazzana siririn rufin da masana'anta suka shafa a saman ledar domin kariya. Damina kuwa fumfuna take kawowa. Ita fumfuna abincinta shi ne gumi da maiƙo da ƙurar da suka taru a kan kujera, musamman a bakin ɗinki, inda ramukan allura suke shigar da ruwa cikin soso, soson ya riƙe shi kwana da kwanaki, katakon da yake ƙasa ya fara ruɓewa. Akwai ma wani tabo ruwan hoda da masu jirage a ƙasashe masu danshi suka san shi ƙwarai, wanda wata ƙwayar halitta mai zama a jiƙaƙƙen soso take haifarwa: tana fitar da rini, rinin ya ratso ledar daga ciki, ta yadda ko an wanke sama babu abin da zai motsa.

Wankin da ya dace ba shi da tsada, haƙuri kawai yake bukata. A kai abin inuwa a bar shi ya huce, domin sabulu yana bushewa a kan leda mai zafi ya bar shaida. A fara kwarara ruwa ya tafi da ƙura, sa'an nan a kaɗa ɗan sabulun wanka ko na wanke kwanuka a ruwa mai ɗumi-ɗumi, a bi ledar da tsumma mai laushi, a shiga bakin ɗinki da tsohon buroshin haƙori ba tare da dannawa ba. Bayan haka a ɗauraye da ruwa mai tsabta har santsi ya ƙare, a tsane da busasshen ƙyalle, a bar iska ta ƙarasa. Wanda ya lizimci wannan duk mako, da wuya ya bukaci wani abu bayansa.

Abin da yake damuna shi ne abin da ake gani a wuraren wankin mota da babura, inda yaro mai neman yabon maigida yakan tsoma tsumma a fetur ko kananzir ya goge kujera, nan take ta yi fes, kowa ya ji daɗi. Haƙiƙa fetur yana narkar da maiƙon datti, amma ba ya bambance shi da man da ledar take rayuwa da shi, sai ya tafi da su gaba ɗaya. Bayan 'yan watanni kujerar ta ƙandare ta tsattsage, a ɗora wa rana laifi ita kaɗai. Haka tina ta masu fenti, da soson ƙarfe, da toka, da kanwa, da garin wanki mai ƙarfi in aka zuba shi da yawa. Shi bilic yana da hurumi ƙanƙane: in fumfuna ta kama, a gauraya kashi 1 nasa da kashi 9 na ruwa, a gwada a wani lungu da ba a gani, a shafa, a ɗauraye da sauri kuma da kyau, saboda yana cin zaren ɗinki. Kuma wajibi ne a kiyaye kada a haɗa shi da ruwan wankin masai ko wani abu mai tsami, domin haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da take cutar da huhu, balle a cikin rufaffiyar mota.

Tabon da ya fi yawa a wurinmu na rini ne: shunin sabuwar riga da ta fito daga marina, da lallen da bai gama bushewa ba, da tofin goro, da manja, da tawadar biro. Waɗannan, in an same su a sa'arsu, sabulu da ruwa sukan isa, tawada kuma a ɗan taɓa ta da auduga mai sifirit a ɗauraye. In kuwa suka kwana, musamman a rana, rinin yakan narke a cikin man ledar ya nutse, ya zama wani yanki nata. A nan ina ganin akwai abin lura a cikin abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suke karantarwa a babin tsarki, cewa najasa da ruwa tsarkakakke ake gusar da ita, kuma idan ainihinta ya tafi, launin da ya yi wuyar fita an yi rangwame a kansa. To, idan shari'a ba ta kallafa wa mutum bin launi har ya lalata tufarsa ba alhali ana maganar salla, babu dalilin da zai sa ya halaka kujerar da ya saya da guminsa, ko wadda aka ba shi amana yana haya da ita, saboda ɗigon shuni. Ɓata dukiya a kan haka israfi ne, ko da niyyar tsabta aka yi shi.

Sauran aikin na inuwa ne. Jirgi in an ɗaure shi a gaɓa, ko babur in an ajiye shi a bakin kasuwa, a rufe kujerarsa da ƙyallen da iska take ratsawa, ba baƙar leda ko tamfol da aka ɗaure tamau a kan jiƙaƙƙen soso ba, gama wannan yana tara zafi da danshi wuri guda. Ƙaramar yagewa kuma a kai ta wurin mai ɗinkin kujera kafin ruwan farko ya sauka, tun tana iya karɓar faci. Idan kuwa sabuwar leda za a sa, a tambaye shi irin wadda aka yi domin zaman waje, wadda aka sa mata maganin rana da na fumfuna tun a masana'anta, a kuma nemi ya yi ɗinkin da zaren roba maimakon na auduga, ya huda katakon ƙasa 'yan wurare domin ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita.