Matsalar Lanƙwashewar Fallen Ƙarfe Maras Tsatsa Bayan Walda da Hanyoyin Magance Ta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin da ya sa fallen ƙarfe maras tsatsa, wanda a kasuwa ake kira silba, yake lanƙwashewa bayan an yi masa walda, tare da nuna yadda za a kauce wa hakan. Masu walda a Samaru da Sabon Garin Zariya, waɗanda galibinsu da baƙin ƙarfe suka koyi sana'a, sukan karɓi aikin tankin ruwa ko teburin mahauta na wannan ƙarfe. Idan fallen ya karkace, mai kaya yakan ƙi karɓa, asara kuwa ta hau kan mai walda, domin ƙarfen yana da tsada.

2.0 Tushen Matsalar

Harry Brearley ne ya samar da wannan ƙarfe a Shefil ta Ingila a shekarar 1913. Nau'in da aka fi amfani da shi, wato mai lamba 304, yana ɗauke da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. Halaye biyu suka bambanta shi da baƙin ƙarfe. Na farko, ya fi miƙewa idan ya ji zafi: sanda mai tsawon mita 1 da aka ƙara wa zafi digiri 100 takan ƙaru da kimanin milimita 1.7, alhali ta baƙin ƙarfe 1.2 take ƙaruwa. Na biyu, saurin da yake watsa zafi bai wuce sulusin na baƙin ƙarfe ba. Saboda haka zafin yakan taru a bakin walda, wurin ya nemi miƙewa, sassan da ke sanyi su hana shi, sai ya cushe. Da ya huce sai ya tsuke, ya gaza tsawonsa na farko, ya jawo sauran fallen.

3.0 Rigakafi

Tun da zafi ne tushen cutar, rage shi shi ne magani na farko. Ya kamata a rage ƙarfin wuta, a zaɓi siririyar sandar walda irin ta E308L, a kuma ɗaure fallen tamau. A fara da ɗige-ɗige kurkusa da juna, sa'an nan a yi waldar guntu-guntu, ana tsallake wuri ana barin kowane guntu ya huce. Haka kuma shimfiɗa sandar jan ƙarfe a ƙarƙashin mahaɗar yana janye zafi da sauri.

4.0 Gyara

Hausawa kan ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, amma wannan sai ya huce. Da yake layin waldar ne ya tsuke, sai a tokare bayansa da dunƙulen ƙarfe mai santsi, a bi shi da guduma a hankali har ya miƙe, fallen ya kwanta. Muna jan kunne game da gasa shi da wutar gas kamar yadda ake yi wa baƙin ƙarfe. Idan ya daɗe tsakanin digiri 450 da 850, kuromiyam yakan haɗe da kabon, wurin ya rasa kariyarsa, tsatsa ta ci shi. Haka nan burushi ko guduma da suka taɓa baƙin ƙarfe sukan bar masa ɓurɓushin da zai yi tsatsa, abin da ba a so a kayan abinci.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawara ga malaman koyar da sana'a a kwalejojinmu da su sa ɗalibai su yi walda iri ɗaya a kan fallayen ƙarafan biyu masu kauri ɗaya, su auna karkacewar kowanne da hannunsu. Gani ya kori ji.