Me ya haɗa kyautar Nobel da gonakin Barkiya?

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa taki ke daɗewa a fadama, amma a jigawa ruwa biyu ya isa ya wanke shi? Duk manomin Barkiya ko Kurfi ya san haka, ko da bai shiga ajin kimiyya ba.

Ga sirrin. Ƙwayoyin laka suna da cajin lantarki a jikinsu, don haka suke riƙe sinadarai irin su fotasiyam da kalsiyam. Saiwar gero na zuwa, sai a yi ban gishiri in ba ka manda: laka ta saki ɗaya, ta karɓi wani. Yashi kuwa ba shi da wannan riƙon. Masana na kiran abin musayar ayon.

To, yanzu masana na ƙera nasu kiristal mai irin wannan hali. Ɗauke shi kamar bene mai dubban ɗakuna: ƙarfe ne kusurwoyin, wasu sinadarai kuma ginshiƙai. Sunansa MOF. A 1989 Richard Robson ya fara gwada irinsa da tagulla a Ostareliya. A 1999 Omar Yaghi ya fito da MOF-5 na tutiya, wanda in an shimfiɗa cikin giram biyu nasa zai kai faɗin filin ƙwallo. Daga baya aka gano cewa in an jiƙa shi a ruwan sinadari mai nikel, nikel na maye gurbin wani sashe na tutiyar, ginin kuma na nan tsaye. Su biyun da Susumu Kitagawa na Japan suka ci Nobel ta 2025.

Ina ruwanka? Ruwan sha mana! Ka tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara. Ana bincike kan yadda irin wannan kiristal zai cafke dalma daga ruwa. Yaghi kuma, wanda ya tashi a Amman cikin ƙarancin ruwa, ya tatso ruwa daga iskar hamada a Amurka.

Kada dai ka ruɗu: yawancin aikin na ɗakin gwaji, ga tsada. In wani ya tallata maka "garin tace ruwa" a TikTok, nemi lambar NAFDAC tukuna.

In kuma kana FUDMA kana laluben abin da za ka yi furojet a kai, ga lakar fadama, ga ruwan Dam ɗin Zobe. Auna ka gani: dalma nawa lakarmu za ta iya riƙewa?