Masu Rufe Tsakar Gida Da Gilashi, Ku Bar Wa Iska Hanya

Wani yayi ya shigo Keffi a 'yan shekarun nan, kuma yana yaɗuwa daga gida zuwa gida ba tare da kowa ya tsaya ya yi tambaya ba. Iyali sun ƙaru, fili ya yi tsada tun da aka buɗe Jami'ar Jihar Nasarawa a farkon shekarun 2000 kuma ma'aikatan Abuja suka fara kwararowa neman haya. A tsofaffin unguwanni irin su Angwan Iya, inda katangar wannan ke jingine da ta wancan, babu inda za a faɗaɗa. Sai mai gida ya dubi tsakar gidansa ya ce ai ga fili nan yana zaman banza. Ya kira mai walda da mai almuniyam, ya nuna musu hoton wani ɗakin gilashi a waya, ga furanni ga kujeru, ya ce irin wannan yake so. Su kuwa ba za su ce a'a ba, tunda aiki ya zo musu har gida.

Na shiga wani gida da aka yi wa wannan aikin a Angwan Iya, a watan Maris, bayan azahar. An rufe tsakar gidan ruf da farar robar nan mai kama da gilashi, an shimfiɗa tayil, bangon yamma kuma gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Kyau dai ba a magana. Amma ba kowa a ciki. Kujerun leda sun ɗau zafin da ba ka iya ɗora hannu a kansu, fanka tana ta juyawa tana watsa turiri, iyalin gidan kuwa duk sun tattara sun shimfiɗa tabarma a zaure. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tagogin ɗakuna uku da a da suke kallon sararin Allah, yanzu cikin wannan akurkin suke buɗewa. Uwargidan ta ce mini, "Wallahi Malam, tun da Alhaji ya rufe wurin nan ban ƙara barcin kirki a ɗakina ba." An kashe kuɗin da zai gina ɗaki guda mai kyau, an lalata ɗakuna uku.

Da mai gidan ya tambayi asalin abin da ya gani a waya, da ya huta. Turawa sun ƙirƙiri irin wannan ɗaki ne don tsare itatuwan lemo daga sanyin hunturu. Wanda Sarki Luwi na 14 ya sa aka gina a fadar Basai ta Faransa tsakanin 1684 da 1686 yana ɗaukar itatuwa sama da dubu, ana shigo da su cikin akwatuna in sanyi ya kama. Daga baya mutanen Ingila suka mayar da shi wurin zama a bayan gida, domin su ɗan samu ɗumin ranar da suke marmari. Aikinsa ke nan: hasken rana ya ratsa gilashi, daɓe da bango su sha, zafin kuma ya rasa mafita. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana da gilasai a rufe ya san yadda abin yake. To mu a Keffi, inda zafi ke haura digiri 35 daga Fabrairu zuwa Afrilu, ɗumin me muke nema? Idan amsar ita ce za a sa na'urar sanyaya ɗaki, sai in ce da wace wutar, kuma wa zai biya kuɗin mai?

Zafin ma da sauƙi. Tsakar gida ita ce mafitar hayaƙin gida, kuma rufe ta ba ya sa mutane su canza al'ada. Amarya za ta ci gaba da hura gawayi a inda ta saba. Tukunyar gas tana nan a kusurwa, alhali gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya yana jiran ashana. Mafi muni shi ne janareta. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, sai a jawo shi ciki a kunna, a rufe ƙofa a kwanta. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci take kashe shi. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki? Sai a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, amma ganganci ma yana da nasa kason. Ga kuma sanƙarau, wanda kowace bazara ma'aikatan lafiya ke roƙon jama'a su guji cunkoso a ɗaki marar iska saboda shi, mu kuma muna biyan kuɗi a toshe mana iskar.

Ba na cewa kada a ƙara gini. Wanda yake son wurin hutawa ya yi baranda ko rumfa, gefe biyu aƙalla a buɗe, a sa raga saboda sauro da ƙarfe saboda tsaro. Rufin ya zama wanda rana ba ta ratsawa, da silin a ƙarƙashinsa, a ɗaga shi sama da tsohon rufi a bar tazara tsakaninsu, domin iska mai zafi sama take hawa, ta samu ta fice. Idan lalle sai an sa gilashi, a sa shi a bangon arewa ko kudu, bakin rufi ya zarce ya yi masa inuwa. Bangon yamma kada a kuskura, nan ranar la'asar ke dukan gida kai tsaye. Kuma ya zama mai buɗewa sosai, ba irin mai zugewar nan da rabinsa kullum a rufe yake ba. Kafin a aza bulo ko ɗaya, mai gida ya shiga kowane ɗaki ya duba: bayan aikin nan, wannan ɗakin yana da tagar da ke kallon waje kuwa? In babu, a canza tsari. Bishiyar mangwaro ko darbejiyar da ke tsakar gidan ma a bar ta, inuwarta ta fi ta robar.

Sauran kuma sanannu ne, sai dai a yi kunnen ƙashi. Sabon bango yana buƙatar nasa harsashin, ba a ɗora shi a kan daɓen tsakar gida ko a kan sokawe. Ruwan damina da ke bi ta rariya ya fita, a san inda za a kai shi, kada indararo ya koma zuba a katangar maƙwabci a ƙare a gaban mai unguwa. Mahaɗar tsohon rufi da sabo nan yoyo ke farawa, a tsaya a kan kafinta. Hukumar raya birane ta jiha ce ke ba da izinin gini, ƙari ma gini ne, kuma a nuna wa injiniya zane tukuna. Janareta kuwa, ko an rufe tsakar gida ko ba a rufe ba, a yi masa keji na ƙarfe a waje, nesa da taga, a sa kwaɗo.